Muƙamuƙin da Rawani Ya Ɓoye

Insifekta Jibrilla bai gama shan shayinsa na safe ba, wani mutum ya shigo komisariyar Tahoua, wato ofishin 'yan sanda, yana haki, ƙafafunsa duk laka.

"Ranka shi daɗe, kan mutum na gani. Cikin garkar maƙwabcina, can hanyar Kalfu."

"Sunanka?"

"Ma'azu. Kuma na san mai kan. Alƙasum ne, ƙanen Zubairu mai garkar. Shekara uku ke nan ana cewa ya tahi Libiya, ashe yana nan ƙarƙashin albasa."

Jibrilla ya ajiye kofi. Kwana huɗu ke nan haƙorinsa na turmi yana hana shi sakat, ga shi kuma ya fi tsoron mai cire haƙori a kan ɗan fashi. Ya dafe kunci ya ce a fito da mota.

Kafin su isa, jama'a sun cika garkar, wato lambun albasar. A gindin shinge, cikin wani rami da bai kai gwiwa ba, ga ƙoƙon kai, ga muƙamuƙi a gefensa, ga kuma jakar taba ta fata. Babu sauran ƙashi ko ɗaya.

"Kare na gani yana tono," in ji Ma'azu. "Jakar kuwa kowa ya san ta. Ta Alƙasum ce."

Jibrilla ya ɗaga jakar, ya murza ta da yatsu. Fatar da laushinta, ɗinkin bai ko saki ba. Ya dubi ƙasar wurin, baƙa ce mai danshi, kullum ana yi mata ban ruwa. Ya saka jakar a leda.

Zubairu na tsaye gefe, dogo ne, ya ja rawani ya rufe baki da hanci kamar yadda Buzaye ke yi, idanu kawai ake gani. Matasa sun fara ɗaukar duwatsu. Dole aka saka shi a mota, don in an bar shi a nan, gawa ta biyu za a ɗauka.

Sai ga wata tsohuwa ana riƙe da hannunta, idanunta sun yi fari da yana. Zahara ce, uwar su biyun. Aka miƙa mata igiyar jakar ta shafa. Ta juya inda take jin muryar Zubairu.

"Ɗiya biyu Allah ya ba ni," ta ce. "Yau ba ni da ko ɗaya."

Zubairu bai yi motsi ba lokacin da ake jifan motar, amma wannan magana ta sa ya kifa kai a gwiwa.

A ofis, Jibrilla ya zaunar da shi.

"Yaya kuka rabu da ƙanenka?"

"Lafiya lau."

"Mutum uku sun ce sun ji ihu a garka ranar da ya tafi."

Zubairu ya ce, "Na mare shi. Ya ce a saida garka ya yi kuɗin mota, na ce sai bayan raina. Ya tahi bai yi mini sallama ba. Wallahi iyakar abin ke nan."

"To don me ka yi mini ƙarya?"

"Kunya, ranka shi daɗe. Har yau marin nan bai bar ni na yi barci mai daɗi ba."

"Jakar fa?"

"Cikin bukkar garka ya bar ta. Shekara uku tana rataye, ban taɓa ta ba."

Aka kai shi kaso. Jibrilla ya ɗauki kwalin ƙashin ya nufi asibiti, wurin Dakta Sa'adiyya, likitar baki da haƙori, matar da yake ta kauce wa ƙofarta tun ranar Juma'a.

Ta jera ƙashin a kan tebur, ta haska fitila.

"Namiji ne, babba. Ya daɗe a ƙasa, amma ba zan ce maka shekara kaza ba sai an aika da shi Yamai." Ta ɗago ta dube shi. "Kai kuma da wane gefe kake tauna?"

"Ni ba ni aka kawo ba."

"Cije haƙoranka."

Ya cije. Ta kama yatsansa ta ɗora masa a kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne. Ya ji wani nama ya taso ya yi tauri.

"Wannan shi ne babban naman tauna. Daga ƙashin kunci yake saukowa ya kama nan. Akwai wani a gefen kai, shi ma yana jan muƙamuƙi sama. In mutum ya shekara da shekaru yana tauna da gefe ɗaya, naman gefen kan yi kauri, ƙashin da ya kama ya yi kaushi, haƙoran gefen su fi cinyewa. Dubi wannan bawan Allah. Hagu da dama duk ɗaya. Bai taɓa karaya ba, bai taɓa zaɓen gefe ba. Ya fi ka lafiyar baki nesa ba kusa ba."

Jibrilla ya yi kamar bai ji ba.

Ta juya ƙoƙon, ta zura wani siririn ƙarfe cikin kogon hanci. Wani abu ya faɗo a kan farar takarda, ja, mai tauri kamar tsingaro.

"Cikin hanci ba fili ba ne," ta ce. "Akwai bango a tsakiya, akwai 'yan ƙasusuwa masu lanƙwasa a gefe, sai lunguna. Abin da ya shiga ya bushe, ko an wanke kan daga waje yana nan. Wace irin ƙasa ce a garkar?"

"Baƙa."

"Wannan jan yumɓu ne. Ba a can ya kwanta ba."

Jibrilla ya gane daga wani wuri aka kawo ƙashin. Amma ya san jan yumɓu ba zai gamsar da uwa ba. Ya koma da kansa ya ɗauko Zahara.

A gidan an riga an shimfiɗa tabarmin gaisuwa, an ɗaure rago don sadakar uku. Da ƙyar tsohuwar ta yarda ta shiga mota.

"Inna," ya ce mata a hanya, "Alƙasum ya taɓa jin ciwo a fuska?"

"Yana shekara goma sha biyu raƙumi ya harbe shi, nan hagu. Ƙashin ya karye. Wata biyu madara nike ɗura mishi da ludayi. Ya warke da ƙulli kamar ƙwallon dabino, bakin ya ɗan karkace. Tun daga nan ko cuku da dama yake ci."

"Mutane sun sani?"

"Wa zai sani? Tun da anka naɗa mishi rawani bai sake buɗe baki gaban baƙo ba. Ko abinci ta ƙarƙashin rawanin yake kai shi. Mu kuma ba nan muke ba lokacin, muna arewa."

A asibiti Dakta Sa'adiyya ta tambaye ta ko za ta iya shafa muƙamuƙin. Tsohuwar ta yi bisimilla ta miƙa hannu. Yatsunta suka bi ƙashin daga haɓa zuwa kusurwa, suka dawo, suka sake bi. Sau uku.

"Ba shi ba ne," ta ce a hankali. "Babu ƙullin. Ba ɗana ba ne."

Ta zauna a ƙasa daɓas, tana kuka tana hamdala a haɗe. Ita kanta likitar sai da ta juya baya ta share ido.

Jan yumɓu irin wannan wuri ɗaya Jibrilla ya sani a kusa, gindin tudun da masu tubali ke haƙa. Ya iske shugabansu, wani dattijo mai suna Ciɗo, yana kwaɓa ƙasa.

"Can sama kufai ne," in ji Ciɗo. "Tsohuwar maƙabarta, ba wanda ya san ta su wa ce. Ruwan bana ya zaftare gefe, ƙashi ya fito. Mu ba mu zuwa wurin."

"Wa ya je?"

"Ran Asabar wani ya zo da amalanken jaki, wai ƙasa yake so ya gyara bakin rijiya. Na ce ga ta nan ƙasa, ya ce ta sama ta fi. Ma'azu sunansa, mai garka."

Da la'asar aka kira Ma'azu ofis. Ya shigo da fara'arsa, har da tambayar ko za a buƙace shi shaida a kotu.

"Za a buƙace ka ƙwarai," in ji Jibrilla. "Ka san Alƙasum sosai?"

"Shekara goma sha biyar shinge ɗaya ya raba mu. Ko cikin duhu na san shi."

"Yaya bakinsa yake?"

"Baki? Kamar na kowa."

"Ka taɓa ganinsa?"

Jibrilla bai jira amsarsa ba.

"Ba ka taɓa ba. Idanunsa ka sani. Muƙamuƙin Alƙasum a karye yake tun yana yaro, wanda ka binne kuwa lafiyayye ne." Jibrilla ya ajiye jakar taba a kan tebur. "Wannan fata ko kwana uku ba ta yi cikin danshi ba, daga bukkar Zubairu ka ɗauko ta." Ya ajiye farar takardar. "Wannan kuma daga hancin mamacin ta fito. Ka wanke shi tas, amma ba ka leƙa ciki ba. Ciɗo yana waje, in kira shi?"

Ma'azu ya daɗe yana kallon jan yumɓun.

"Rijiyata ce," ya ce daga ƙarshe. "Duk shekara kafin albasa ta nuna sai ta ƙafe. Tasu kuwa ba ta taɓa ƙafewa ba. Sau biyar ina roƙon Zubairu ya saida mini, ya ƙi. Na ce in ba ya nan, tsohuwa ba ta iya noma, dole ta saki. Shaiɗan ne, ranka shi daɗe."

"Shaiɗan ba shi da amalanken jaki," in ji Jibrilla. "Ka tone kabarin bawan Allah, ka so a jefe maƙwabcinka, ka sa uwa ta zauna makokin ɗanta. A tafi da shi."

Aka saka masa ankwa. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Zubairu da aka fito da shi. Ma'azu ya sunkuyar da kai ya wuce.

Zahara na zaune a kan benci. Zubairu ya tsaya nesa kaɗan, bai san ko ya matsa ba. Ta ji takunsa.

"Zubairu ne?"

"Ni ne, Inna."

"Matso."

Ya durƙusa. Ta laluba ta kama kansa da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

"Bakina ya yi maka laifi da safe. Ka yafe mini."

Zubairu ya fashe da kuka.

Jibrilla ya ce gobe za a mai da ƙashin kufai a yi masa sutura, kuma zai aika da sunan Alƙasum ga masu kula da 'yan ci-rani, ko Allah zai sa a ji labarinsa.

Tsohuwar ta miƙe, ta ɗora hannu a kafaɗar ɗanta.

"Mu tahi gida," ta ce. "Ka naɗe tabarmin nan, ka kwance ragon ka ba shi dusa. Sai ranar da ƙanenka ya dawo za a yanka shi."