Giɓi a Wuyan Dabba

Da shigar Sufeton 'yan sanda gidan adana kayan tarihi ya sa aka kulle ƙofa. "Ba shiga, ba fita," in ji shi.

Zauren ba taga, ba wuta, zafi kamar a tukunya. A tsakiya ga ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar zamanin da, mai cin ganye, wuyanta har rufi. An zare ƙashi ɗaya daga gindin wuyan, ƙashin da ya zama dutse, mai nauyin buhun siminti.

Farfesan da ya tono dabbar yana zaune a benci, dafe da ƙugu.

"Gobe masana za su zo duba ta," ya ce. "An kashe ni, Sufeto."

Sufeto ya duba makullin zauren. Lafiyarsa ƙalau. Ya sa aka kira mai gadi.

"Baba, ka bar ƙofa yau?"

"Ni? Ko nan da can, ranka ya daɗe."

"To wannan ledar kemis da ke leƙowa daga aljihunka fa?"

"Farfesa ne ya aike ni da rana. Man zafi, wai bayansa ya riƙe."

Sufeto ya tsuguna. Tayar baro ta bar sawu a ƙura. Ya bi shi ta wani matsattsen lungu har ƙofar ofishin Farfesa. Ƙashin na ƙarƙashin tebur, lulluɓe da labule.

Ya dawo ya zauna kusa da Farfesa. "Yallaɓai, me ka ɗaga yau har bayanka ya riƙe?"

Farfesa ya dubi ƙofa, ya ga wani kurtun ɗan sanda tsaye. Ya dubi ɗaya ƙofar, a garƙame take. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba ƙashinta ba ne," ya ce a hankali. "Na wata dabbar ne daban. Na rasa guda, na cike da shi, na ce sabon jinsi na gano. Har sunan marigayiya matata na sa mata. Kallo ɗaya masanan nan za su yi su gane. Na rasa ta inda zan ɓulle."

Sufeto bai ji daɗin nasarar ba. Ya hana kurtu ciro ankwa, ya kama hannun dattijon da kansa, ya tayar da shi.

A bakin ƙofa Farfesa ya waiwayo.

"Baba, in za ku ɗaga ƙashin, ku samu mutum biyu. Kada ku jawo shi ta gefe, tsagewa zai yi."