Uwar Mai Fitila

Tana kicin tana goge kofuna aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mutum ɗaya ce ke irin wannan bugun a gidan, Anti Babba, yayar mijinta.

"Amarya! Inna na kira a falo, yanzu-yanzu!"

Ta tarar da surukarta zaune, sandarta mai jan roba a jingine da kujera. Mijinta, Injiniya, yana zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai. A kan tebur ga littafinta na uku, wanda ya fito satin nan.

Amarya marubuciya ce. Jerin littattafanta labarin wani jarumi ne, Mai Fitila, da ya shiga ƙasar da rana ta mutu yana neman wutar da za ta farfaɗo da ita. To, sai dai so ya ja ta ta yi wauta. Ta yi jarumin bahago mai tabo a gira, sak Injiniya. Uwar jarumin kuma ta yi ta da ciwon gwiwa da sanda mai jan roba, sak Inna. Lokacin da jarumin ke sare dodanni kowa a gidan dariya yake, ana tsokanar Injiniya da sunan. Yau ba mai dariya.

"Karanta mata wurin," in ji Inna.

Anti ta buɗe, ta gyara murya. "Mai tsaron ƙofar ba shi da fuska. Ya ce, 'Ba mai wucewa sai ya bar min wanda ya fi so.' Mai Fitila ya zame hannunsa daga na uwarsa. Inuwoyi suka fara hawa ƙafafunta kamar tururuwa, tana kiransa, tana kiransa. Bai waiwaya ba."

Amarya ta ji sanyi har cikin ƙashinta, kamar ba ita ta rubuta ba.

"Inna, wallahi labari ne kawai, dole jarumi ya faɗi kafin—"

"Labari?" Anti ta katse ta. "Sandar ma labari ce? A watan da za ku bar Inna ku tare a sabon fulat ɗinku kika rubuta ya jefar da uwarsa! Mu za ki raina wa hankali?"

Injiniya ya ɗago. "Inna, ni na san ba haka take nu—"

"Rufe min baki!" Muryar tsohuwar na rawa, kuma ba ta fushi kaɗai ba ce. Ta juyo ga Amarya. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Mai Fitilan nan, yana dawowa?"

Da ta ce e, da an wuce wurin. Amma tsoro ya sa gaskiya ta kuɓuce mata. "Ban sani ba tukuna, Inna."

"To ki je gidanku. Ranar da ya dawo, kya dawo."

Innalillahi! Aure ko shekara bai yi ba, ga ta da akwati a bakin titi tana kuka wiwi. Injiniya ya tare mata tasi, idonsa jajir. "Ki yi haƙuri, ba zan rabu da ke ba, amma ba zan iya ɗaga mata murya ba. Ki dawo da shi kawai, don Allah."

A gidan iyayenta abinci ya gagare ta. Waya na yin ƙara sai ta zaci saƙon rabuwa ne. Ga masu karatu sun dame ta a gurup ɗinsu na intanet, wasu na tsine wa jarumin, wasu na yabon yadda ta karya shi. Ita kuwa ko buɗe laftof tsoro take, gani take marar fuskar nan ita yake jira.

Daga ƙarshe ta rufe ido ta rubuta babi guda. Mai Fitila ya yi nadama da gari ya waye, ya ruga ya sare mai tsaron ƙofa, ya goyo uwarsa, kowa ya yi murna. Ta kwashi jiki ta kai gidan surukarta, ta durƙusa nesa da kujerar Inna, ta karanta.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta taɓe baki.

"Ƙarya ne."

Amarya ta ce a ranta: Shi ke nan, aure ya mutu!

"Wanda ya ji uwarsa na kira bai waiwaya ba, ba ya shiryuwa kafin safe. Sai ya sha wuya, sai kunya ta hana shi barci. Wannan don ki koma ɗakinki kika rubuta."

"Haka ne, Inna," ta ce hawaye na zuba. "Tsoro nake ji. Ban san yadda zan yi ba."

"Ni ma tsoron nake ji, yarinya." Tsohuwar ta murza kan sandarta. "Amma ba shi ya fi ƙona min rai ba. Ita matar fa? Littafi uku kina gina ɗan, ya yi kuka, ya yi fushi, ya canja. Ita ko tun farko sanda ce kawai da ciwon gwiwa. An bar ta, ta zauna tana kira. Haka kike ganina?"

Kunya ta lulluɓe Amarya. Wata da watanni tana gaishe da matar nan, ba ta taɓa tambayar kanta wace ce ita ba.

"To me za ta yi, Inna?"

"Me za ta yi? Ta tashi mana! Ni da na rene su ni kaɗai bayan ubansu ya rasu, inuwa ce za ta riƙe ni? Ta maka wa marar fuskar nan sanda, ta bi ɗanta. Ba don ya cancanta ba, don ya tafi da fitila amma shi ne a cikin duhu."

Anti ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ƙwala wa Injiniya kira, ya shigo.

"Je ka ɗauko mata akwatinta. Fulat ɗin ma ku tare, na yarda. Duk inda kuka shiga ina da ƙafa."

Amarya ta kifa kanta a gwiwar Inna, mai ciwon, tana kuka. Inna ta ce, "Wash! Ɗaya gwiwar dai, 'yar nan."

Littafi na huɗu ya ɗauki lokaci, don kowane babi sai ya bi ta kunnen Inna, kuma ba ta da sauƙi. Mai Fitila bai samu gafara ba sai a shafin ƙarshe, bayan ya sha wuyar da ta ishe shi.

'Yan'uwa, haƙuri da gaskiya suka mayar da Amarya ɗakinta, ba dabara ba. Kada a yanke wa mutum hukunci labarinsa bai ƙare ba. Kuma wanda kuke kwana gida ɗaya da shi, ku san shi tukuna kafin ku ba da labarinsa, don tsohuwar da kuke gani a kujera ta riga ku shiga duhu ta fito.