Jar Hula a Kan Ɗan Shaho

Ranar da firjin shagon Don Radhamés ya mutu, 'yarsa Yudelka ce ke tsaron shagon. Watan Satumba ne, lokacin da duk garin Puerto Lindo ba a da zance sai na pelota, ƙwallon gorar nan ta jifa da bugu da aka haife mu a cikinta. Ba a fara wasa ba tukuna, sai Oktoba ta raba, amma mu a wurinmu jiran ma wani daɗi ne: wa zai dawo daga Amurka, wa aka sayo, kafaɗar wa ta warke. Rediyo na ta ɓaɓatu a kan kantar shagon, sai ga wani dogon saurayi ya sauka daga babur da akwatin kayan aiki, ya tsaya a ƙofa da koriyar hula a kansa.

To, shagon nan ja ne tun daga bango har kujerun roba, domin Don Radhamés ɗan ƙungiyar Kada ne na gani-kashe-ni. Kore kuwa launin Shaho ne, maƙwabtan da muke raba fili ɗaya da su amma ba ma ga maciji.

"Bawan Allah, ka cire hular nan kafin Papi ya fito," in ji Yudelka.

"Firji aka ce in gyara, ba a ce in sauya ƙungiya ba," ya amsa yana murmushi. "Sunana Wilkin."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Aikin da bai kai shan kofi ɗaya ba, sai da Wilkin ya ja shi har rana ta take, yana kwance ƙusa yana mayarwa, suna musu a kan wanda ya fi masu jifa a bana. Allah ya taimake shi tsohon yana barcin rana. Da zai tafi ya bar mata lambarsa, wai ko da firjin zai sake tsiya. Firjin bai sake ba, amma washegari da safe wayarta ta yi ƙara.

"Ina kwana, 'Yar Kada? Na ji mai jifanku ya dawo hutu da tumbi. Ku ɗinka masa riga babba."

Ta mayar masa nan take: "Ɗan Shaho, ka ji da naku. Wanda kuka sayo an ce ko kwakwa aka jefa masa sai ya kuskure."

Haka aka faro. Kakar wasa ta zo ta wuce, babu wanda ya ɗauki kofi a cikin ƙungiyoyin biyu, amma saƙo bai yanke ba. Tsokana ta fara laushi da kanta. Ranar Lahadi sukan sha iska a bakin teku, ya saya mata soyayyen kifi da agada, ta riƙa ba shi labarin yadda Papi ya rene ta shi kaɗai bayan rasuwar mahaifiyarta, yana saɓa ta a wuya zuwa filin wasa tun ba ta san wa ake yi wa tafi ba. Wata rana ya rubuto mata: "Kadata, yau na gyara firji a gidan wani, na tsaya ina kallon matarsa tana zuba masa shinkafa da wake. Ke na gani a wurin. Ina son ki, kuma ba da wasa ba."

Ta karanta ta sake karantawa, ta tura masa: "Ni ma haka, Shahona. Amma sai Papi ya yarda. Ba zan shiga coci ba tare da hannunsa a nawa ba."

Da Satumba ta zagayo, labarai suka sake tashi, sai ta zaɓi ranar da aka sanar cewa Kada ta samu sabon koci, lokacin tsohon yana cikin nishaɗi, ta faɗa masa. Nishaɗin ya tafi kamar an ɗauke wuta.

"Ki kawo min ɗan acaɓa, ki kawo min mai tallar ayaba, zan aurar da ke da kiɗa," ya ce. "Amma ɗan Shaho ba zai zauna a teburina ba."

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan magana shi ne Amaury, mai sayar da huluna da riguna a ƙofar filin wasa. Kullum yana teburin wasan domino na ƙofar shagon, gashi ya sha mai, yana kawo wa Don labaran da ya ce daga ciki ya jiyo su, yana satar kallon Yudelka. In Don ya ce sabon kocin gwani ne, Amaury ya ce babu kamarsa. In Don ya sauya ra'ayi da la'asar, Amaury ya ce dama shi bai yarda da mutumin ba. Yudelka ba ta ko son jin ƙamshin turarensa.

Amaury ɗin nan ne ya tare Wilkin a hanya da fuskar mai ba da shawara, ya ce masa tsoho ba ya son komai sai a girmama shi, jar hula ɗaya za ta gama magana. Shi kuwa Wilkin, so ya rufe masa ido, ya saya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, teburin domino ya cika, sai ga Wilkin cikin farar riga mai guga, da jar hular Kada sabuwa fil a kansa. Yudelka na bayan kanta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Don Radhamés ya ajiye ƙwayar domino a hankali, ya dube shi tun daga takalmi.

"Yaro, mahaifinka ɗan wace ƙungiya ne?"

"Shaho, Don."

"Kakanka fa?"

"Shaho."

"Kai kuma ka yar da su saboda ka ga mace. Da ka zo min da koriyar hularka, da na kore ka ina ganin girmanka. Wanda ya bar ƙungiyarsa don mace, gobe zai bar macen don wani abu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Wilkin ya juya ya tafi ko babur ɗinsa bai iya tayarwa ba, turawa ya yi. Abin da ya fi ci wa Yudelka rai shi ne ta san Papi ya faɗi gaskiya. Saurayin da ya ƙi cire hula a ƙofar shago shi ta so, ba wannan ba. Ta yi kuka mai isarta, ta kuma yi biris da kiransa, har sai da wannan saƙon ya shigo:

"Kadata, na yi wauta. Amaury ya ce hakan zai faranta wa Don, ni kuma tsoron rasa ki ya hana ni tunani. Hular tana kan jakin maƙwabcinmu yanzu, ta fi dacewa da shi. Ki yafe min."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, amma ba ta amsa ba, domin ba ta ga hanyar gyara ba tukuna.

Hanyar ta zo ta rediyo. Ana saura kaɗan a buɗe kaka, da hantsi, mai labarai ya sanar cewa Shaho ta yi musayar Eusebio Paulino, wanda ake kira Guduma, babban mai bugunsu da yara ke kwaikwayon tafiyarsa, kuma Kada ce ta ɗauke shi. Unguwa ta ɗauki ihu. Mu kuwa a nan ba ma jira a ci mutum a fili kafin mu binne shi. Kafin azahar an fito da akwatin gawar nan na katako da ake ajiyewa a bayan shago, an shafa masa koren fenti wai Shaho ta mutu, an samo masu ganga da mata masu kukan ƙarya. Al'adar ita ce a bi gidajen 'yan ƙungiyar da ta mutu ana yi musu ta'aziyya, su kuma yawanci sai su kulle ƙofa su yi lamo. Amaury ne ya ba da shawarar a fara da gidan su Wilkin.

Yudelka ta shige bayan buhunan shinkafa ta rubuta da sauri: "Shahona, ga su nan tafe da gawa, Papi ne a gaba. Kada ka ɓuya. Ka fito yadda na fara ganin ka."

Ta bi ayari. Da suka sha kwana, sai ga ƙofar gidan a buɗe, an jera kujeru kamar zaman makoki na gaske. Wilkin na tsaye cikin kore daga sama har ƙasa, mahaifiyarsa Doña Nurys na gefensa da babbar butar kofi da biskit a faranti. Ganga ta yi sanyi, domin ba a saba da haka ba. Don Radhamés ya cire hula ya dafa ƙirji, ya ce sun zo ta'aziyya, Allah ya ba da haƙurin rashi.

"Mun gode, Don, Allah ya ba da lada," in ji Wilkin, yana miƙa masa kofi da hannu biyu. "Sai dai ina jin tausayinku. Sana'ata ke nan, na san tsohon firji idan an yi masa fenti. Gwiwar Guduma ta gama aiki tun bara. Kafin Kirsimeti mu ne za mu zo mu ari akwatin nan."

Jama'a suka ja numfashi. Yudelka ta rufe ido. Tsohon ya ƙura masa ido, gashin bakinsa na rawa, sai kawai ya fashe da dariyar da aka daɗe ba a ji irinta daga gare shi ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce a ƙaro kofi, yau sai ya koya wa yaron nan pelota.

Amaury ya matso zai sa baki, Doña Nurys ta sauke tabarau ta dube shi da kyau.

"Af, ba kai ne Amaury ɗan Chela ba? Kai da ka yi ta kuka a kafaɗata shekarar da Kada ta ƙwace mana kofi? Yaushe ka koma ja, ɗana?"

Ba a sake ganin sa a teburin domino ba.

Musu ya ci gaba har inuwa ta miƙe. Don ya kawo tarihin wasannin da aka yi tun Wilkin bai zo duniya ba, Wilkin bai sassauta masa ko sau ɗaya ba, amma bai ɗaga murya ba, kuma kofin tsohon bai taɓa zama babu komai ba. Yudelka na zaune kusa da Doña Nurys tana kallon mahaifinta, ta ga yadda ya koma yaro. Sai a lokacin ta gane cewa shekara da shekaru yana zaune ne cikin masu ce masa e, kuma ya gaji da su. A hanyar komawa gida ya riƙe hannunta, ya ce yaron ba shi da ƙungiyar kirki amma yana da ƙashin baya. Ya ƙara da cewa in za a yi auren, a yi kafin a jefa ƙwallon farko, domin in aka fara wasa ba zai iya zama coci ɗaya da surukinsa ba.

Asabar ɗin ƙarshe kafin buɗe kaka aka ɗaura aure. An dafa sancocho, farfesunmu na biki, a manyan tukwane a tsakiyar titi, kiɗan merenge na tashi, 'yan Kada da 'yan Shaho suka yi rawa tare kamar ba su ba. Don Radhamés ya shigo da 'yarsa coci hannunta a nasa, yana share ido yana cewa turaren wuta ne ya dame shi. Wilkin ya raɗa mata cewa yau ko an sayar da Shaho gaba ɗaya bai damu ba. Ta matse masa yatsa ta ce ya rufa mata asiri, kada Papi ya ji.

Da aka fito, Wilkin ya je gaban tsohon ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ɗa kaɗai ke faɗa wa uba a garinmu.

"A sa min albarka, Papi."

Don Radhamés ya ɗora hannu ɗaya a kan ango, ɗaya a kan amarya.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai yawa. Kai kuma ɗana, ka riƙe min ita yadda ka riƙe wannan ƙungiya taka marar amfani."