Ruwan Ɗumi a Idon Baba

"Auta, har yaushe zan yi ta jira? An mayar da ni aiki wani gari, ƙarshen wata zan tafi. Ki bari manya su zauna mana."

"Dogo, na gaya maka ba zan iya barin Baba ba!"

"Saboda ciwon ido?"

Ta galla masa harara, hawaye na taruwa. "Au, ciwon ido ne kawai a wurinka ko?"

"Haba ƙalbina, ba haka nake nufi ba..."

Ba ta tsaya ji ba, ta shige gida, alhali Allah Ya sani tana sonsa kamar ranta.

Mahaifinta tela ne. Tun tana ƙarama gefen fatar idonsa ke kumbura, ya yi ja, kwantsa ta bushe a gindin gashin, ga ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Likita ya ce ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya, lallashinsa ake yi kullum da ruwan ɗumi da tsafta.

Mama ce ke lallashin. Kowace safiya Baba zai kwanta ya ɗora kai a cinyarta. Ta jiƙa farin tsumma a ƙaramin kwano, ta taɓa shi a wuyan hannunta ta ji ɗuminsa, sannan ta shimfiɗa masa a ido.

"Kin ƙona ni, 'yar nan!"

"Ragon banza, ruwan da ko jariri ba zai ji ba."

Su yi ta dariya, Auta na leƙe ta bayan labule. Da Mama ta rasu, Auta ce ta gaji kwanon. Duk sanda ta ga hawaye a fuskarsa sai ya ce, "Ciwon nan ne, kar ki damu."

Amma tun da zancen Dogo ya taso, Baba ya hana ta taɓa idonsa, wai shi zai riƙa yi da kansa. Ido kuwa ya daɗa rincaɓewa. Ita dai ta gama yanke hukunci: kukan tafiyarta yake yi a ɓoye.

Washegari ta bi shi shago da sassafe. Me za ta gani? Baba ya ɗauki guntun ƙyalle daga ƙarƙashin keken ɗinki, duk ƙurar zare, ya tsoma a ruwan sanyi yana dirzar ido kamar mai wanke tukunya.

"Innalillahi! Baba, makantar da kanka za ka yi?"

Ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama. "To ba haka kuke yi ba?"

"Haka? Shekara da shekaru ana yi maka!"

"Auta... ai idona a rufe yake. Ban taɓa gani ba. Hannun uwarki kawai na sani, sai naki." Ya sunkuyar da kai. "Na ce bari in koya, kar idona ya tsare miki hanya. Kunyar tambaya na ji."

Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

Suna komawa gida ta ɗauko kwanon Mama, ta sa ya wanke hannu, ta kwanta ta ɗora kai a cinyarsa.

"Yau kai ne za ka yi mini, idonka a buɗe. Taɓa a wuyan hannunka tukuna. Ɗumi, ba zafi ba. Ka bar shi ya jima, in ya huce ka sake jiƙawa."

Ya shimfiɗa mata tsumman.

"Yanzu ka ɗan danna fatar a hankali zuwa wajen gashin. Sai ka goge gindin gashin da gefe mai tsafta. Ban da sosawa, Baba!"

"To, uwata." Ya sake jiƙa tsumman, ya ce, "Ashe haka take kallona kullum, ni ina kwance kamar sarki ina mita. Ban taɓa ce mata na gode ba... Ki auri yaron nan, Auta. Na ga yadda yake kallonki."

Ta ƙanƙame hannunsa, tsumman na shanye hawayenta.

Kafin ranar aure Baba ya ƙware, har yana yi wa abokansa na shago wa'azin tsumma. Jan ya ragu, kwantsar ta tafi.

A tasha, Dogo na ɗora kaya a mota, ta juyo ta ga hawaye na bin kuncin Baba.

"Ciwon ya tashi ne? Ka gasa yau kuwa?"

"Na gasa." Ya yi murmushi, bai share ba. "Kin cuce ni, Auta. Kin gyara idon, yau ba ni da ciwon da zan laƙa wa."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, direba na ta danna hon.