Tsakanin Shail da Shaila

Tun hantsi gidan Malam Yakubu ke ƙamshin soyayyar gyaɗa, kuma duk unguwar, a nan gefen Mai Wurno, an san mai aikin. Juwairiyya ce a tsakar gida, ta ci ɗamara da ɗankwali tana kirɓa turmi, gumi na bin wuyanta. Innarta Indo na gindin darbejiya tana fifita garwashin jabana, wato tukunyar gahawa, tana yi mata mitar da ta saba: wai amaryar da ake shirin kawo wa kaya ce hannunta duk kanta kamar na mai faskare. Juwairiyya ta yi dariya ta ce ai wanda zai ɗauka ya ga hannun tun ba yau ba.

Gaskiyarta ce. Sana'arta dakwa ce, wato niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da ake kwaɓa salatin tumatir da ita, da kuma ƙuli-ƙulin da masu agashe, wato tsiren ƙasar nan, ke dakawa cikin yaji. Izzuddeen, mai agashe a tashar motocin Sinnar, a wurin sayen ƙuli ya same ta. Mutum ya riƙa zuwa sau uku a mako alhali na farkon bai ƙare ba, ai ko makaho ya ga inda aka dosa. Manya suka shiga magana, aka ba shi, sai jiran ya kawo shaila, wato lefen ƙasar nan: tob-tob na yafawa, takalma, turaruka, da buhunan sukari da fulawa. Shekara biyu yana tara kuɗinta.

Ita kuwa Juwairiyya abin da ke hana ta sakat daban ne. Masu agashe bakwai ke neman ƙulinta, uku kawai hannunta ke iya cika wa. Sauran sai ta ba su haƙuri, tana ji tana gani su tafi wurin wani. Makanar niƙa, wato inji, take bukata, ƙarama ma ta isa. Ta je banki a Sinnar, aka karɓe ta da mutunci, aka ce ta kawo takardar gona a jingina. Ta dawo gida ba ta ko buɗe baki ba, don maganar gona a gidansu fami ce.

Da can Malam Yakubu na da hawasha tasa ta kansa a Jazira, kusa da Kamlin, gonar da ruwan hukuma ke bi ta cikinta. Wata shekara hannu ya yi masa ƙunci ya ci shail. Shail kuwa shi ne ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi tun shuka ba ta tashi ba, da kaka ya zo ya kwashe amfanin a farashin wulaƙanci. Shekarar ba ta yi kyau ba, shail ya haifi shail, har gonar ta tafi. Ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin dangi yana noman haya, ya kuma rantse cewa duk wanda ya ci shail ba zai haɗa zuri'a da shi ba.

To, shail da shaila. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ku riƙe wannan.

Wata la'asar Izzuddeen ya zo zance yana ƙorafin kuɗin da ya tara kullum ƙara ƙanƙancewa suke, abin da zai sayi tob goma bara, bana da ƙyar ya sayi shida. Juwairiyya ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta yi ta maza.

"Tob goma jiki ɗaya zan sa wa?" ta ce. "Ka sayo mana makana da kuɗin. Kwasar adashina wannan watan ce, in cika maka. Riba mu raba biyu."

Ya ce ta rufa masa asiri, Inna za ta cinye shi ɗanye. Ta ce makanar za ta mayar da kuɗin kafin a sa rana, ba wanda zai sani. Ya kalle ta, ya kalli hannun nan mai kanta, ya ce to, ya yarda. Amma ya kafa mata sharaɗi ɗaya: in magana ta fito, shi ya yi, ba ruwanta, don budurwa ta sa baki a kayan aurenta abin kunya ne da za a daɗe ana yi mata gori.

Asirin bai yi kwana goma ba. Gwaggo Sabah, ƙanwar Malam Yakubu, wadda ko sauro ya yi tari a Sinnar sai ta ji, ta gan shi a kasuwa ana ɗora masa makana a amalanke. Ta tambaya, aka gaya mata. Ko tob ɗinta ba ta cire ba ta faɗo zauren yayanta tana haki, ta ce yaron nan ya kwashe kuɗin shaila ya sayi ƙarfe. Malam Yakubu kunnensa ya yi nauyi, kuma abin da mutum ke tsoro shi yake ji. Shi dai kuɗin shail ya ji. Ya ce ta yi shiru da bakinta kada Indo ta ji, ya aika a kira Izzuddeen.

Juwairiyya na bayan katangar zaure lokacin da mahaifinta ya yi tambayar. Malam Yakubu kuwa in ransa ya ɓaci haɗiye ƙarshen magana yake yi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da kuɗin shail ka sayi makana, ko ƙarya aka yi maka?"

Izzuddeen yaron zamani ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, kuma shail tatsuniyar tsofaffi ce a wurinsa. Abin da ke cin ransa shi ya ji. Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Baba. Duka na zuba. Ni kaɗai na yanke shawara."

Kun ji inda aka yi ɓatan kai. Kowa ya faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Ita kanta Juwairiyya shaila ta ji. Malam Yakubu bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, maganar aure ta tashi, kada ya ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidan. A cikin gida kuwa ya ce ba ya son ya sake jin sunan yaron, kuma ko Indo bai gaya wa dalili ba.

Juwairiyya ta sha kuka har idonta ya ƙanƙance. Ba ta taɓa zaton mahaifinta, mutumin da ko riga biyu ba ya haɗawa a ransa, zai raba aure saboda zannuwa ba. Amma ba ta yi masa tsiwa ba, ba ta bar kai masa shayinsa ba. Ta koma turminta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne laifin nata ne, wani ya ɗauka ya yi shiru. Duk Talata direban motar Sinnar zai tsaya ya karɓi ƙuli, ya miƙo kuɗi cif, ya ce mai agashe na gaisuwa. Makana kuwa tana can shagon kawun Izzuddeen an lulluɓe ta da buhu, ko sau ɗaya ba a tashe ta ba.

Aka yi mako shida a haka. Rannan saƙon Izzuddeen ya shigo wayarta: ya sami mai sayen makanar, da faɗuwa amma ba komai, ranar Alhamis za a zo ɗauka. Zai sayo shaila da abin da ya samu, ya turo manya su ba Baba haƙuri. Ya ce ƙarfe ana sake saye, ita ce ba ya da inda zai samo.

Ta karanta sau uku. Ta ji son bawan Allahn nan ya cika mata ciki, kunya kuma ta rufe ta. Ya ɗauki laifinta, yanzu kuma zai ɗauki asara. Ranar Laraba da safe ta ɗauki shayin mahaifinta ta kai masa gindin darbejiya, Indo na gefe tana tsince gyaɗa. Ta ajiye, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

"Baba, in akwai mai laifi ni ce. Ni na ce ya taɓa kuɗin."

Malam Yakubu ya ajiye kofin. "Ke kika tura shi wurin ɗan kasuwa?"

"Wane ɗan kasuwa, Baba?"

"Wanda ya ba shi shail mana. Gonar wa ya jinginar, ta ubansa?"

Juwairiyya ta ɗago kai ta kalle shi baki buɗe. Sannan ta ce, a hankali, tana raba harufan: "Shai-la, Baba. Kuɗin kayan aurena. Guminsa ne na shekara biyu, da adashina. Ba wanda ke bin sa ko ƙwandala."

Tsohon ya karkato kunne. Ya sa ta maimaita, ta maimaita. Ya yi salati, ya dafe kai, ya ce shi Yakubu ya kori ɗan mutane a kan harafi ɗaya. Dariya ta zo masa, hawaye suka riga ta fitowa.

Wuta ta mutu a nan, sai ta kama a can. Indo ta ture faifan gyaɗa ta miƙe. Wato kayan ɗiyarta aka mayar ƙarfe? Ita da ta je ganin shailar 'ya'yan kowa a garin nan, ta yi guɗa har muryarta ta dushe, ranar tata me za ta baje wa mata a tabarma? Ta ce wallahi sai dai a sayar, ba za a mayar da ita abin dariya ba. Juwairiyya ta sunkuyar da kai tana hawaye, don ta san Inna ba ƙarya ta faɗa ba, bakin mata sai Allah.

Malam Yakubu ya bari ta sauke, sannan ya kira sunanta a hankali.

"Indo, ina taki shailar?"

Ta tsaya cak.

"Tob tara na kawo miki. Shekarar da gona ta tafi, kina fita da su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin mayafi, ki dawo da dawa. Kin zaci ban sani ba? Na sani, kunya ta hana ni yi miki godiya. Yau na yi, Allah ya saka miki. Ke kin mayar da shailarki abinci bayan wuta ta ci mu. Ɗiyarki ta mayar da tata jari tun wutar ba ta zo ba. Halinki ne ta ɗauko."

Shekara goma sha biyar Indo na riƙe da wannan asiri. Ta zauna a bakin tabarma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Juwairiyya ba ta taɓa jin labarin ba sai yau. Ta matsa ta kama ƙafar innarta, suka yi kukansu tare.

A ranar Malam Yakubu ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau motar Sinnar. Dattijo da furfurarsa ya tsaya gaban tukubar agashe ya ce wa yaro ya yafe masa. Izzuddeen ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa cikin toka yana cewa ai uba ba ya laifi. Aka sallami mai sayen makana. Kafin ya taso, tsohon ya ce gyaɗarsa ta bana gaba ɗaya ya sa ta cikin sana'ar, amma ba bashi ba ne: in an ci riba a ci da shi, in an faɗi a faɗi da shi. Ya ce irin wannan kuɗin ne ke barin mutum ya yi barci.

Indo kuwa da ta tashi shiga, da ƙafa biyu ta shiga. Ita ta bi matan adashinsu gida-gida, ta ce duk mai so ta sa hannu a sayi faifan sola, a riƙa ba ta rabonta, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Mata shida suka shiga, har da Gwaggo Sabah, wadda ta ce ai da ma ita tun farko ta san yaron kirki ne.

Ranar kai shaila garin ya fito kallo. Akwati ɗaya ne, tob biyu da turare da ɗan sukari, abin da ya sawwaƙa. A bayansa amalanken jaki ɗauke da makana. Wata ta fara murmushin da ba na alheri ba. Indo ta shiga ɗaki ta fito da wani tob ruwan goro, tsoho amma a ninke tsaf, shi kaɗai ne ya tsira daga cikin taran nan. Ta warware shi ta lulluɓa wa makanar da hannunta, ta juyo ta kalli matan.

"Ga shailar ɗiyata," ta ce. "Taku ana sawa ta tsufa. Wannan ita za ta riƙa sayo wasu."

Ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Juwairiyya na leƙe ta tagar ɗaki, tana share hawaye tana yi wa Allah godiya da ya ba ta miji mai rufa asiri da iyaye masu dawowa kan gaskiya.

Yau masu agashe goma sha ɗaya ke sayen ƙulinta, turmin kuwa an kife shi ana zama a kai. Darasin a fili yake, 'yan'uwa. Jarin da ba ya cin mai shi shi ne wanda aka haɗa da gumi da amana, a raba daɗi a raba wuya. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma haƙuri ba ya hana faɗin gaskiya, da Juwairiyya ta ƙara kwana ɗaya da tata a ciki da an sayar da makana. Kuma kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka sa ya maimaita. Malam Yakubu dai har gobe, in aka kawo masa magana, sai ya karkato kunnensa mai kyau ya ce a sake faɗa masa, a kuma ja ƙarshen.