Albasar Malam Lado

Da tulu a kanta Tani ta fara ganinsa, kuma har ta tsufa ba ta taɓa yarda cewa saura ƙiris tulun ya faɗi ba.

Bazarar 1955 ce. Duk shekara malamin gona na En'e yakan tara masu lambu daga Kiru, Bebeji har Doguwa ya zaga da su. A fara da lambun hukuma na Tudun Wada a ga lemo da gwaiba, sannan a bi lambunan mutane fadama-fadama, kowa ya ga yadda ɗan'uwansa yake yi. Bana sabon malami aka kawo, Shitu, dogon saurayi mai saurin baki da saurin dariya. Saura kwana huɗu a yi zagayen ya zo Ƙafin Maiyaki a kan keke, don ya zaɓi lambunan da za a shiga.

Ya iske Tani ta kawo wa mahaifinta, Malam Lado, fura da ruwan sha. Ita kanta baƙuwa ce a fadamar, don tun yaye goggonta Barakatu ta ɗauke ta riƙo a cikin garin Bebeji, sai bana suka dawo tare.

Shitu ya durƙusa ya gai da dattijo, ya ɗaga kai ya ga kawunan albasa sun tsattsage ƙasa.

"Kai! Baba, tun da nake ban taɓa ganin albasa irin wannan ba! Kowace kamar ƙoƙo!"

Malam Lado ya ɓata fuska, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tubarkalla." Shitu bai ma ji ba, don idonsa ya riga ya bar albasa.

Da zai tafi ya roƙi ruwa. Tani ta miƙa masa moɗa tana kallon ƙasa.

"'Yar Bebeji, ran Alhamis zan dawo da baƙi," in ji shi. "In lambun ya yi kyau, a nan za mu fi daɗewa."

"In bai yi ba fa, Malam?"

"Sai in nemi wani dalilin."

Washegari Malam Lado ya tafi ta'aziyya Kiru, kwana biyu. Tani ta leƙa lambu ta ga ganyen albasa duk ya kwanta ya yi rawaya, ga tumatirin maƙwabcinsu Mudi kore shar. Kunya ta kama ta. Haka baƙi za su zo su gani? Baiwar Allah ba ta san da gangan mahaifinta ya yanke wa albasar ruwa ba, don ta bushe a cire. Ba ta iya jan jigo ba, sai ta ɗauki tulu. Yini biyu tana jido daga rijiya tana tuttulawa, har igiya ta sale mata tafin hannu.

Ran Alhamis rana ta riga ta busar da saman ƙasa. Baƙi suka cika lambu, Malam Lado yana ta amsa gaisuwa. Tani ta ga Shitu ya tsuguna ya cusa yatsa cikin ƙasa, ya dubi hannunta, ya miƙe ya ce a wuce gaba a ga barkono. Sun kuwa daɗe, kuma tun daga ranar kowace Juma'a sai an ga kekensa a ƙofar gidansu.

Mako biyu da cire albasa, wari ya tashi daga rumfar ajiya. Fiye da rabi ta ruɓe.

Mudi, wanda tun dawowar Tani yake aika mata goro tana mayarwa, ya samu abin da yake nema. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, har Riruwai an ji cewa sabon malamin gona mugun baki gare shi. In an hango kekensa, sai masu lambu su tare shi a bakin shinge da doguwar gaisuwa har ya gaji ya juya.

Da Ɗahiru, baffan Shitu, ya zo nema masa izinin aurenta, Tani tana bayan zana tana ji.

"Malam Ɗahiru, ba raini ba ne," in ji mahaifinta. "Kwana goma sha biyu na hana albasar nan ruwa, yadda na gada. Ɗigo bai taɓa ta ba. Me ya ci ta in ba baki ba? Wanda ya yaba albasa ta ruɓe, in ya yaba 'yata fa?"

A nan Tani ta gane abin da tulunta ya yi. Ta so ta fito, ta fasa. Tsoron mahaifinta take ji, da dariyar da za a yi mata a fadama har jikokinta.

Ta rubuta wasiƙa da ajami ta ba Goggo Barakatu da za ta ci kasuwar Tudun Wada, ta kai wa Shitu: "Malam, ni ce na ba albasar ruwa, don in ga ka daɗe. Ka yafe mini. Ba na iya cin abinci."

Da yamma amsa ta dawo a ƙulle a bakin zanen Goggo: "Zuwa ga Tanina, hasken idona. Tun ranar zagaye na sani, na taɓa ƙasa, na kuma ga hannunki. Ba wanda ya taɓa jido yini biyu saboda ni. Kada ki ce komai. In abin ya yi tsanani a mayar da ni wani gari, amma ba za a yi miki dariya ta bakina ba. Ki ci abinci. Naki, Shitu."

Tani ta karanta sau uku tana kuka. Wato wata guda ana kulle masa shinge, ana nuna shi da baki a kasuwa, ga amsa a hannunsa, ya ƙi faɗa. Shi da bakinsa ba ya shiru.

Da hantsi ta same mahaifinta yana gyaran igiyar jigo. Ta durƙusa ta buɗe masa tafin hannunta, tabon yana nan.

"Baba, ba bakinsa ba ne. Tuluna ne."

Ta faɗa masa komai, ta miƙa wasiƙar. Malam Lado ya karanta a hankali, ya ninke takardar.

"Tulu nawa?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Barakatu ta koya miki tuwo, ta manta ta ce miki albasa ba ta shan ruwa ranar tafiya." Ya goge ido da gefen riga. "Tashi. Laifinki na rashin sani ne. Nawa ya fi, da na ɗauki alhakin ɗan mutane."

Ranar kasuwar Tudun Wada, Goggo ta dawo da labari tana haki. Malam Lado ya je rumfar masu kayan lambu, ya kama hannun Shitu a gaban kowa, har da Mudi.

"Jama'a, na gano abin da ya ci albasata, kuma a gidana yake. Yaron nan na zalunce shi. Shitu, ka yafe mini."

Wani ya ce, "To mene ne ya ci ta, Malamin gona?"

Shitu ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi, wannan ba a koya mana a makaranta ba."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Masu lambun da suka riƙa tare shi a shinge su ne suka zo da kwandunan tumatir da barkono, kowa yana cewa dama shi bai taɓa yarda da zancen ba.

Da za a kai amarya, aka shigar da ita wurin mahaifinta, aka kira ango ya tsuguna a bakin ƙofa. Tani tana cikin mayafi, godiya ta cika mata ƙirji.

"Al'ada ce in yi maka wasiyya ka riƙe ta amana," in ji Malam Lado. "To me zan ce maka? Ka rufa mata asiri tun ba taka ba ce. Ku je. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ba ku masu yi muku yadda kuka yi mini."

Duk ɗakin aka amsa da amin, na Tani ya fi na kowa ƙarfi, har Goggo ta zungure ta.