Sunan da Aka Kira daga Rijiya

Rana tana gab da faɗuwa sa'ad da Abdulhadi ya naɗe darduma ya kai ta mota. Duk ranar Juma'a yakan ajiye aikin tasi ya fitar da iyalinsa daga cunkoson unguwar Hindawiyya ta Makka su sha iska. Wata ran su hau duwatsun hanyar Ɗa'ifa su kalli birai, wata ran su zauna a gefen gonakin Wadi Fatima. Amma inda suka fi so wani kwari ne da bai san sunansa ba, mai tsohuwar rijiya da itacen ƙaya guda ɗaya. A can babu mai tambayar kowa takardar iƙama, wato izinin zama a ƙasar.

Matarsa Mairama tana ɗauraye kofunan shayi, jariri na barci a bayanta. 'Yarsu ta fari, Minnatullah, tana can gefe tana tsintar duwatsu.

"Malam, a hanzarta," in ji Mairama. "Magariba ta kawo kai."

"Yalla, Minna," ya ce. "Taho."

"Ɗayyib, Abuya," ta amsa wa ubanta da Larabci.

Sai iska ta tsaya cak. Ƙudajen da suka dame su tun la'asar suka ɓace. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali an yi watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. A cikin ƙamshin akwai na turaren da Mairama ke yi wa tufafinta.

Daga wajen rijiya aka ce, a hankali, "Minnatullah."

Muryar Mairama ce, har da karin harshenta na Sakkwato.

Abdulhadi ya waiwaya. Ga Mairama kusa da shi, kofi a hannu, bakinta a rufe.

Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa ambatar sunanta ba. Kunyar 'yar fari ce, haka ta ga iyayenta suna yi. "Ke" take ce mata, ko "'yar nan". Ita kuwa Minna, haifaffiyar Makka, ta sha kuka a kan haka, domin iyayen ƙawayenta suna kiran 'ya'yansu da suna har su haɗa da sumba.

"Minnatullah. Zo, 'yata."

Duwatsun suka zube daga hannun yarinyar. Fuskarta ta cika da wani farin ciki da bai taɓa gani ba.

"Na'am, Ummi," ta ce, ta nufi rijiyar.

Ya so ya ruga. Ƙafafunsa suka ƙi. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba, kamar an zare shi daga jikinsa.

"Kira ta," ya ce da raɗa. "Faɗi sunanta."

Mairama ta buɗe baki. Sunan ya ƙi fita.

Yarinyar ta ɗora ƙafa a bakin rijiya.

"Ke!" Mairama ta daka tsawa. "'Yar nan! Don ƙaniyarki, ba ki ji ubanki na magana ba?"

Minna ta tsaya. Wannan kiran ta san shi.

Nan take ƙafafunsa suka saku. Ya fizgo ta. Jikinta sanyi ƙalau, da nauyi kamar buhun da ya sha ruwa, kuma ya ji ana jan ta ta ɗaya gefen. Ya kama Ayatul Kursiyyu yana harɗewa, yana sake farawa.

Aka saki.

Ya tayar da mota ko ƙofa ba a gama rufewa ba. A madubi ya ga mace tsaye a gindin itacen, sanye da irin mayafin matarsa. Kanta ya taɓo rassa.

Bai ƙara dubawa ba.

Daga ranar suka daina fita. Juma'a takan same su a ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Minna tana cin abinci, tana salla, tana wanke kwanuka. Sai dai ko wa ya kira sunanta ba ta waiwayawa.

Wata rana da yamma, Abdulhadi yana zaune, Mairama ta durƙusa a gaban yarinyar ta kama hannuwanta. Hawaye suka zubo mata. Da ƙyar ta fitar da sunan.

"Minnatullah."

Yarinyar ta dube ta, ido ba ƙiftawa.

"Ba haka take faɗa ba, Ummi," ta ce.